'Yar Hantsi: Furen da Ba Ya Son Shagwaɓa

Duk wanda ya tashi a Kasuwar Daji ya san halin tsakar gida a watan Afrilu. Tun da asuba an share ta ƙal, babu ko tsinke, amma kafin azahar ƙasa ta ɗauki zafin da yaro ba ya iya taka ta ba takalmi. Iska kaɗan za ta kaɗa, ƙura ta sauka cikin randa da kwanon tuwo. Damina ta faɗi kuma, ruwan indararo ya haƙa rami inda yake zuba, ya kwashe ƙasar ya yi rariya da ita. Haka muka gada, kuma iyayenmu suna da hujja, domin fili fetal ba ya ɓoye kunama ko maciji. Sai dai a ganina mun wuce gona da iri. Akwai lungunan da ba a zama, ba a shanya, ba a girki a cikinsu, kuma akwai ɗan tsiron da zai rufe su da launi ba tare da ya ci ruwan gida ba.

Masu lambun furanni suna kiransa fotulaka. A gidanmu 'yar hantsi muke ce mata, saboda sai rana ta ɗaga take buɗe fure, kafin la'asar ta rufe. Ranar da gari ya wayi da hadari kuwa, ko ido ba ta buɗewa. Tsayinta bai cika wuce santimita 20 ba, yaɗo take yi a ƙasa da jajayen rassa masu ruwa da ganye sirara masu kauri. Furen akwai ja, ruwan hoda, rawaya, ruwan goro da fari. Kowane fure yini ɗaya yake yi, amma gobe wani ya maye gurbinsa, haka har watanni.

Asalinta Kudancin Amurka ne, ƙasashen Ajantina, Yurugwai da kudancin Barazil. Wani masanin tsirrai, William Hooker, da ke koyarwa a Gilasgo a lokacin, shi ya bayyana ta a rubuce a 1829, daga nan ta bazu lambunan duniya. To amma baƙuwar tana da dangi a nan. Ranar da gwaggona ta fara ganinta a gidana, ta sunkuya ta murza ganyen da yatsa ta ce, "Ɗana, wanga ai halshen saniya na aka yi ma kwalliya." Gaskiyarta. Halshen saniya, wanda wasu ke kira fasa-ƙaba, ɗan uwanta ne na jini: ciyawar nan mai faffaɗan ganye da ƙaramin fure rawaya da ke fitowa a juji, a bakin rijiya, da cikin fangalin albasa. Duk manomin da ya taɓa nome shi ya san taurin ransa. Ka tuge shi ka yar a kan kunya, bayan kwanaki ka dawo ka tarar ya sake kafa saiwa. Tushe ɗaya yana iya zubar da iri fiye da 200,000, irin kuma ya yi shekaru a ƙasa yana jiran ruwa.

Wannan taurin rai yana da dalili. Yawancin tsirrai da rana suke buɗe ƙananan ƙofofin da ke jikin ganye don shaƙar iska, ta nan kuma ruwansu ke tsiyayewa. Dangin fotulaka, in fari ya matsa, sai su rufe ƙofofin da rana, su buɗe da dare lokacin da gari ya yi sanyi, su adana abin da suka shaƙa su yi aiki da shi in rana ta fito. A 2022 masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun nuna cewa halshen saniya yana haɗa wannan dabara da wadda masara da dawa ke amfani da ita wajen saurin girma cikin zafi, duk a ganye ɗaya. Abin da muke tugewa muna tsaki, shi masana ke nazari da fatan samo amfanin gona mai jure fari. A Sudan da Masar da Turkiyya ma miya ake yi da shi. Amma a kula, ta adon ba ta ci ba ce, a bar ta inda take.

Yanzu ga shuka. Abu na farko rana. Ka nemi wurin da rana ke duka aƙalla awa 6 a yini. A ƙarƙashin dogon yaro ko mangwaro za ta yi tsawo, ta yi laɓo-laɓo, ta hana ka fure. Na biyu ƙasa, kuma a nan Allah Ya hutar da mu, don jigawar da muke kuka da ita ita take so. Wanda yake Kaura Namoda ga yashin gulbin Gagare kusa, mutanen Zurmi kuwa rairayi bai yi musu wuya ba. Masu zama kan laka, irin ta fadamun Shinkafi, su ne za su yi ɗan aiki: kashi biyu na yashi, kashi ɗaya na ƙasar wurin, a ɗaga wurin ya ɗan yi tudu yadda ruwa ba zai kwanta ba. Taki ɗan kaɗan, tsohon kashin awaki da ya riga ya ruɓe ya koma gari. Garinmu garin kara ne, taki ba ya yankewa, shi ya sa hannu ke saurin yin yawa. In ka cika mata taki, ganye za ta yi ta yi, fure kuwa sai ɗai-ɗai. Takin zamani ma ba sai an kawo shi kusa ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce reshe. Ka roƙi wanda yake da ita ya tsinko maka rassa masu tsawon yatsa. Ka zage ganyen ƙasa, ka ajiye su a inuwa su kwana don bakin yankan ya bushe, sannan ka soka su cikin ƙasa mai ɗan danshi, zurfin gaɓar yatsa, tazarar taƙi ɗaya tsakaninsu. Cikin mako guda zuwa kwana 10 sun kama. Alamar ita ce kan reshen ya miƙe, ganyen ya yi ƙyalli. Idan iri ka samu, to ka sani ya fi na alayyafo ƙanƙanta. A gauraya shi da busasshen yashi a barbaɗa a sama, a danna da tafin hannu, kada a binne, domin yana buƙatar haske kafin ya tsiro. A yayyafa ruwa da hannu, in an kwara da bokiti duk zai taru a lungu ɗaya. Farkon damina, cikin Yuni, shi ne lokacin da ya fi dacewa.

Inda mutane suka fi kashe ta shi ne wajen ban ruwa, kuma da kyakkyawar niyya suke kashe ta. Mun saba da tumatir da alayyafo masu neman ruwa safe da yamma, sai mu yi mata haka. Ita kuwa tana da nata tanadin a ganye, kamar yadda raƙumi ke tafiya da guzurinsa. Ka tura yatsa cikin ƙasa. In ka ji danshi, ka wuce abinka. Da bazara sau biyu a mako ya ishe wadda ke ƙasa, ta cikin tukunya kuma ta fi saurin bushewa, sai a riƙa dubawa. A gidan da ake sayen ruwa jarka-jarka wurin 'yan garuwa, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Ni a gefen dutsen alwala na dasa tawa, ɗan abin da ke fantsama daga buta shi ke riƙe ta. Ruwan wanki mai sabulu ne kawai ba a zuba mata. Babban abokin gabarta shi ne markar Agusta. In ruwa ya kwanta a gindinta kwana biyu, reshen zai yi baƙi ya yi laushi daga ƙasa. Da ka ga haka ka yanke kawunan da ke da lafiya ka dasa a busasshen wuri, ka buɗe wa ruwan hanya.

Maganar kunama da maciji ba abin rainawa ba ce, don haka ga yadda nake yi. Ba na dasawa a bakin ƙofar ɗaki ko inda yara ke shimfiɗa tabarma da dare. Ina barin faɗinta bai wuce kamu biyu ba, yadda ido zai ga ko'ina, ina kuma datse kawunan in ta fara tsawo, wanda hakan ma ke sa ta ƙara rassa da fure. Kada a jera mata tarin duwatsu ko fasassun bulo a gefe, don su ne maɓoyar. Mai ginin ƙasa kuma ya ba ta tazara daga gindin katanga, danshi da ginin ƙasa ba sa shiri. Ƙarƙashin indararo, a fara zuba tsakuwa inda ruwan ke faɗowa, ita kuma a kewaye wurin da ita ta riƙe ƙasar.

Awaki da kaji su ne sauran rigimar. Akuya za ta aske ta cikin minti kaɗan, kuma yawan cin dangin wannan tsiro yana iya cutar da dabba saboda wani gishiri da ke cikin ganyen. Ɗan shingen kara ko ƙaya ya wadatar. In darɓa ta kama ƙananan kawuna, a jiƙa dakakken ganyen dogon yaro ya kwana, a tace a yayyafa da yamma.

Tun 2007 ake maganar Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka, kuma Zamfara na cikin jihohi 11 da shirin ya shafa a Najeriya. Wannan aikin hukuma ne da fili mai faɗi, amma 'yar hantsi ɗan lungu ma ya ishe ta. Halin da yankinmu ke ciki na rashin tsaro kuwa ya sa mutane da yawa sun baro ƙauyuka da gonakinsu, suna zaune a ɗaki ɗaya na haya ko na dangi a Kaura, a Shinkafi, a nan garin. Na ga mata da suka saba da garka guda a bayan gida yau ba su da inda za su soka ko tsinke. Irin su nake fara ba reshe. Fasasshen tulu, tsohuwar taya, kwanon da ya huje, duk suna yi, muddin akwai huda a ƙasa. In tashi ya sake kamawa, ana ɗaukarta a kai tare da kaya.

Da hunturu za ta ja baya, furen ya ragu, rassan su tsufa su yi ƙwarangwal. Kafin nan, cikin kaka, ka duba inda fure ya bushe, za ka ga ɗan ƙoƙo mai murfi. Ka riƙe takarda a ƙasa ka taɓa shi, baƙin irin zai zubo. A shanya a inuwa, a naɗe a takarda, ba a leda ba, a ajiye inda ba danshi. Mai fure ninki-ninki ba ta cika ba da iri ba, kuma abin da ya tsiro daga iri ba lallai ya ɗauko launin uwar ba. In akwai launin da ya kwanta maka, ka ware masa tukunya ɗaya a wurin da rana ke samu, ka riƙa ɗiga masa ruwa sau ɗaya a mako har ruwan Yuni ya sauka, daga ita za ka sake tsinko rassan shekara.