Sankarar mama ba iri ɗaya ba ce

Idan mace ta ji ƙululu a mamanta a wani ƙauyen ƙasar Matameye, hanya tana da nisa: daga likitar ƙauye zuwa asibitin Matameye, daga nan babban asibitin Damagaram, wani lokaci har Yamai, inda cibiyar ƙasa ta yaƙi da sankara ta fara gashi da haske a shekarar 2021. Amma wurin da mata da yawa suke juyawa gida shi ne ranar da likita ya ce zai yanki ɗan nama domin bincike, saboda an daɗe ana cewa sankara ba ta son ƙarfe.

To, jama'a masu karatu, ga dalilin wannan yanka.

Jikin ɗan Adam an gina shi da ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. Kowace ƙwaya, in ta tsufa ko ta lalace, takan kashe kanta, wata ta maye gurbinta. Masana uku a ƙasar Sikotilan suka bayyana wannan tsari a 1972. Akwai sinadarai masu kula da shi: wanda ake kira p53 yana umartar ƙwayar da ta ɓaci ta mutu, shi kuwa Bcl-2 yana hana ta mutuwa. Idan wannan ma'auni ya karkace, ƙwayar da ta kamata ta mutu sai ta yi ta hayayyafa har ta zama ƙululu.

Kuma ba kowane ƙululu ne yake girma ta hanya ɗaya ba. Wasu suna da abin da za mu kira ƙofa, wadda sinadarin mata, wato estirojan, yake shiga ya ciyar da su, har ya ƙara musu Bcl-2. Tun 1896 wani likita a Gilasgo, George Beatson, ya lura cewa cire wa mace ma'ajiyar ƙwai yakan sa sankarar ta ja baya. Yau ba sai an yi haka ba: maganin tamoxifen, ƙwaya ɗaya kullum har shekara 5, yana toshe ƙofar. Abin mamaki, ƙululu mai wannan ƙofa, ko da Bcl-2 ya yi yawa a cikinsa, galibi ya fi jin magani.

Amma wanda ba shi da ƙofar, tamoxifen ba ya yi masa komai, kuma bincike a Afirka ta Yamma ya nuna irinsa ya fi yawa a nan bisa ga Turai. Ido ba ya bambanta su, hannun ungozoma ma haka, sai an duba naman. Saboda haka sayen wannan magani a kanti ba da gwaji ba ɓarnar kuɗi ce da ta lokaci.

Ya kamata hukuma ta sauƙaƙa aika ɗan naman daga Damagaram, sakamako kuma ya dawo da wuri, domin matar da ta sayar da akuyarta ta yi kuɗin mota ba ta da ta biyu.