Idan Kalma Ta Maƙale: Masu Farfaɗiya da Wayar da Ba Ta Jira

A Kakuri, Narayi ko Sabon Tasha, da an ambaci farfaɗiya abin da ke zuwa zuciyar mutane shi ne faɗuwa da jijjiga. Amma akwai wata matsala da masu wannan lalura da dama ke fama da ita ko a ranar da ba su faɗi ba. Mutum yana cikin magana sai kalma ta ɓace masa. Ya san abin da yake nufi, ya san amfaninsa, sunan ne kawai ya ƙi zuwa. Sai ya ce "abin nan da ake buɗe ƙofa da shi", alhali makulli yake nema.

Me ke jawo hakan?

Farfaɗiya na faruwa ne idan saƙonnin lantarki na ƙwaƙwalwa suka rikice na ɗan lokaci. Ga mafi yawan mutane, sassan da ke kula da harshe suna ɓangaren hagu, kuma yankin da ke daura da kunne yana da babban aiki wajen zaƙulo sunayen abubuwa. Idan daga nan rikicin ke tasowa, kalmar tana nan ba ta goge ba, hanyar isa gare ta ce ta yi nauyi, kamar fayil ɗin da ke cikin ma'adanar kwamfuta amma bincike ya kasa fito da shi da wuri.

Wani kuma bayan ciwon ya sake shi ne magana ke yi masa wuya, na wasu mintuna ko fiye. Magani ma na iya taka rawa: an san topiramate da jawo wahalar tuno kalma, phenobarbital kuma na sa kasala da jinkirin tunani ga wasu. Wannan ba dalilin ajiye magani ba ne, domin dainawa kwatsam na iya dawo da ciwon da ƙarfi. Likita ne ke rage shi ko ya canza shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da faɗuwa in sun samu maganin da ya dace. Mazauna kudancin kogin Kaduna ba su da nisa da ƙwararru, tunda Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya yana Barnawa. Sai dai wasu iyalai na ƙin zuwa saboda an alaƙanta sunan wurin da taɓin hankali. Farfaɗiya ba hauka ba ce, kuma ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓa jiki.

Inda waya ke ƙara wahala

Manhajojin da ke sauraron murya suna ɗaukar ɗan gajeren shiru a matsayin ƙarshen magana. Mai neman kalma ya ɗan dakata, manhaja ta katse shi ta kawo amsar rabin jimla. Haka lambobin USSD na banki: an ɗan jinkirta, layi ya yanke, a koma farko. Ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa shafukan intanet sun tanadi a bai wa mai amfani damar ƙara lokaci ko cire wa'adi, abin da ya kamata masu gina manhajoji a Kaduna su riƙa tunawa.

Inda take taimakawa

Tun 2022 WhatsApp ke ba da damar dakatar da ɗaukar saƙon murya, a ci gaba daga baya, a kuma saurara kafin a tura. Wannan ya fi kira sauƙi ga wanda kalma ke maƙale masa. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, ana kuma iya adana jimlolin da ake yawan buƙata, kamar "Ina da farfaɗiya, a ɗan ba ni lokaci", a nuna wa mai POS ko direban Keke Napep.

Wayoyin Android da iPhone duka suna da wurin bayanan gaggawa da ake gani ko waya na kulle. A rubuta sunan lalurar, maganin da ake sha da lambar ɗan uwa.

Babban amfanin waya kuwa shi ne zama shaida a gaban likita. Likita ba ya nan lokacin da abin ke faruwa, kuma gwajin EEG na iya fitowa lafiya lau alhali ciwon na nan. A riƙa rubuta rana da lokacin da magana ta sarƙe, tsawon lokacin da ta ɗauka, ko an yi barci sosai, ko an tsallake magani, ko an fara wani sabo. Da yardar mai lalurar, a ɗauki gajeren bidiyo bayan an tabbatar yana wuri mai aminci. Bidiyon na likita ne kaɗai, ba na Facebook ko TikTok ba.

Idan jijjiga ta wuce minti 5, ko magana ta ɗauke farat ɗaya tare da mutuwar hannu ko karkacewar baki, a garzaya asibiti mafi kusa, domin na biyun na iya zama shanyewar ɓarin jiki.

A gida kuwa, a daina ƙarasa masa jimla sai in shi ya nema. A ba shi lokaci, a rage hayaniyar talabijin, a bar shi ya nuna hoton abin a waya in hakan ya fi masa sauƙi.