Abin da Ke Sa Masu Karatu Gajiya da Dogayen Littattafan Almara

Littattafan almara na tsafi da yaƙi, waɗanda marubuci ke ƙirƙiro wata duniya da sarakunanta da matsafanta da dodanninta, ba kasafai suke ƙarewa a littafi guda ba. A Amurka da Birtaniya jeri-jeri ake fitar da su, wani lokaci har su haura goma, kuma ba abin mamaki ba ne littafi ɗaya ya doshi shafi 1,000. Jama'a kan fara da ɗoki, amma kafin a kai tsakiyar tafiya sai a tarar da yawa sun zame. Tsawon labarin ba shi kaɗai ke korar su ba, domin mai son irin wannan karatu tsawon ne ma yake nema. Abin da ke sanyaya masa gwiwa shi ne jira, da kuma labarin da ke ta faɗaɗa ba ya matsawa gaba.

Maganar jira ba inda ta fito fili kamar a aikin George R. R. Martin, marubucin Amurka. Littafi na farko a jerinsa, A Game of Thrones, ya fito a 1996, na biyu a 1998, na uku a 2000. Daga nan tafiya ta canja. Sai a 2005 na huɗu ya fito, na biyar kuma a 2011. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne yadda ya raba waɗannan biyun: labarin ya yi masa yawa, sai ya kasa taurarin gida biyu bisa yankin da suke. Wanda ya rufe littafi na uku yana ƙaguwar jin abin da ya sami Jon Snow ko Tyrion ko Daenerys, ya buɗe na huɗu bai iske babinsu ko ɗaya ba. Shekara 11 ya yi kafin ya sake haɗuwa da su. Shirin talabijin da HBO ta yi a kan labarin ya fara a 2011, ya wuce littattafan, ya ƙare a 2019, alhali na shida bai fito ba. Wani marubucin, Patrick Rothfuss, shi ma ya fitar da na farko a nasa jerin a 2007, na biyu a 2011, masu karatunsa suka zauna zaman jiran na uku shekara da shekaru.

Jira yana da illar da ba a cika lura da ita ba, wato mantuwa. Labarin da ke ɗauke da ɗaruruwan sunaye da gidajen sarauta da tsofaffin gaba ba ya zama a kai na tsawon shekara biyar. In sabon littafi ya fito, dole mutum ya koma ya maimaita dubban shafuka, ko kuwa ya ci gaba yana lalube. Ga shi wanda ya fara yana ɗalibi yanzu ya zama magidanci, lokacinsa ba nasa ba ne.

Matsala ta biyu ta fi wuyar magani, domin daga cikin rubutun take tasowa. Jerin The Wheel of Time na Robert Jordan ya fara a 1990, kuma littattafansa sun riƙa fitowa a kai a kai, babu dogon jira. Duk da haka masoyansa da kansu sun yarda cewa daga wajen na bakwai zuwa na goma tafiyar hawainiya labarin ya koma yi. An sace matar ɗaya daga cikin jaruman, Perrin, a ƙarshen littafi na takwas a 1998. Ba a kuɓutar da ita ba sai a na goma sha ɗaya, a 2005. Na goma kuwa, wanda ya fito a 2003, ya kashe babban kasonsa yana bayyana abin da sauran taurari ke yi a daidai lokacin da babban al'amarin ƙarshen na tara ke faruwa. Mai karatu ya riga ya san abin da ya auku, amma aka zaunar da shi yana kallon wasu suna mamakinsa.

Dalilin wannan faɗaɗa ba ɓoyayye ba ne. Duk sabon tauraron da aka ba babi nasa sai ya jawo garinsa da abokan gabarsa, kowannensu kuma bashi ne da sai an biya kafin a rufe labari. Martin da littafi uku ya yi niyyar gamawa, daga baya shirin ya koma bakwai. Kuma in marubuci ya yi suna, littafinsa na kawo kuɗi, da wuya edita ya iya ce masa ya zubar da shafi 200. Masu bin littattafan yaƙi na kasuwar Kano, da masu karanta labaran da ake sakewa kashi-kashi a WhatsApp, sun san wannan ciwo: ana tsayar da labari a daidai inda takobi ya tashi sama, sannan a ji shiru.

Akwai kuma fargabar kada marubuci ya riga labarinsa ƙarewa. Jordan ya rasu a 2007 bai kammala ba. Matarsa, wadda ita ce editarsa, ta zaɓi Brandon Sanderson ya ƙarasa daga bayanan da ya bari, abin da aka shirya a matsayin littafi ɗaya ya zama uku, aka rufe da na 14 a 2013. Wannan jeri ya yi sa'a. J. K. Rowling kuwa tun farko ta ƙayyade littattafai bakwai, ta fitar da Harry Potter tsakanin 1997 da 2007, masu karatunta suna girma tare da yaron, kowa ya san inda za a tsaya.

Sakamakon duk wannan ya fi faɗa wa sababbin marubuta. Mutane da dama yanzu sun ɗauki al'adar ƙin taɓa kowane jeri sai an gama rubuta shi. Kamfanin ɗab'i kuwa cinikin littafi na farko yake dubawa kafin ya yanke shawarar zuba kuɗi a na gaba, saboda haka jerin da kowa ke jira a kammala kafin ya saya yana iya tsayawa a na ɗaya ko na biyu.