Ani: Tsuntsun da ke Tarayya a Sheƙa Guda

A ƙasashen Amurka masu zafi, tun daga tsibiran Karayib har zuwa Brazil da Ajantina, akwai wani tsuntsu da ake kira ani. Ɗan uwan ragon maza ne da muka sani a dazuzzukanmu, domin masana sun haɗa su a dangi guda. Da yawa daga cikin wannan dangi kan ajiye ƙwansu a sheƙar wasu su yi gaba, har ma hankaka kan reni ƴaƴan ɗaya daga cikinsu. Shi kuwa ani, al'adarsa dabam ce.

Gane shi ba wuya. Baƙi ne wuluk, tsawonsa kimanin santimita 35, jelarsa doguwa, bakinsa mai kauri da tozo a sama. Yatsunsa biyu na duban gaba, biyu na duban baya. Iri 3 ne: mai sulɓin baki, da mai zane a baki, da kuma babban ani mai farin ido, wanda ke zama kusa da ruwa.

Ma'aurata 2 zuwa 5 kan gina sheƙa ɗaya, matan su zuba ƙwai a ciki, kowa ya karɓi kwanci da ciyarwa. Ana ƙyanƙyasa cikin kwana 13 zuwa 15. In suna kiwo, ɗaya kan hau reshe yana gadi. Amma zo mu zauna, zo mu saɓa: wata macen kan binne ƙwan abokiyar zamanta da ganye, ko ta turo shi ƙasa, don nata ya samu wuri.

Kamar balbela, ani kan bi shanu yana cafke farin da suka tayar. Sunan da Linnaeus ya ba shi a 1758, wato Crotophaga, ma'anarsa mai cin kaska, alhali kaska kaɗan ce cikin abincinsa. Da wannan zato aka kai shi tsibiran Galapagos na ƙasar Ekwado a shekarun 1960, don ya raba shanu da kaska. Sai ya yaɗu, yana cin ƴaƴan tsuntsayen wurin, yana kuma baza irin tsiro mai mamaye ƙasa. Lallai ya kamata mu san halin kowace halitta kafin mu ɗauke ta daga muhallinta.