Idan Kun Tarar Da Hatsari A Hanyar Libreville

A zaman da muka yi kwanakin baya bayan an sauko daga Juma'a, wani daga cikinmu da ke sauke shanu a Libreville ya kawo wata magana wadda ta sa wurin ya yi tsit. Ya ce wata rana da asuba, tsakanin Kango da Ntoum, sun tarar da wata ƙaramar mota ta kife a gefen hanya, ga wani mutum a zaune kan kwalta jina-jina yana ɗaga hannu. Direba ya fara taka birki, sai shi mai kaya ya ce masa, "Taka mu tafi, katina ya mutu." Suka wuce. Har yau, in ji shi, bai san ko mutumin nan ya rayu ba, kuma abin ya ƙi barin zuciyarsa. Ba za mu faɗi sunansa ba, domin da ya gama magana an sami aƙalla mutum huɗu da suka sunkuyar da kai.

Mun san inda tsoron ya samo asali. Wanda ya taso a Nijeriya ya ji labarin mutumin da ya ɗauki mai rauni zuwa asibiti, aka ce sai ya kawo takardar 'yan sanda, daga ƙarshe shi ya kwana a caji ofis. Ko da yake dokar lafiya ta shekarar 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai neman agajin gaggawa, tsoron bai fita daga zukatan mutane ba. A Gabon kuma sai aka ƙara da maganar katin zama. Dattawanmu ba su manta da farkon shekarar 1995 ba, lokacin da wa'adin da gwamnati ta ba baƙi marasa takardu ya cika, dubban mutane suka tattara ya nasu ya nasu suka bar ƙasar. Tun daga nan baƙo ya koyi cewa duk inda jandarma zai zo da littafi da biro, gara ya yi nesa da wurin.

To amma akwai abin da yawancinmu ba mu sani ba. A ƙasashen da suka gaji shari'ar Faransa, wucewar ita ce laifin. Dokarsu ta ce duk wanda ya ga mutum cikin halin mutuwa ko rai, alhali yana iya taimakonsa ba tare da ya jefa kansa ko wani cikin hatsari ba, ya ƙi da gangan, to ya aikata laifin da ake ɗauri a kansa. A Faransa hukuncin yakan kai shekara 5. A Kamaru, wadda duk muke ratsawa, sashe na 283 na dokar manyan laifuffuka ya tanadi ɗaurin wata 1 zuwa shekara 3, ko tarar sefa 20,000 zuwa miliyan 1, ko duka biyun. Gabon ma tana da wannan laifi cikin kundinta. Masu sauraren rediyo za su tuna cewa da Gimbiya Diana ta yi hatsari a Paris cikin 1997, an tsare masu ɗaukar hoton da suka isa wurin, kuma cikin abin da aka bincike su a kai har da wannan, kafin a wanke su a 1999.

Ku lura da kyau, dokar ba ta ce sai ka zama likita ba. Hanya biyu ta bayar: ko ka sa hannu da kanka, ko ka kira waɗanda za su sa. Watau wanda ya buga waya, ko ya garzaya shingen jandarma na gaba ya ce ga abin da ya gani a wuri kaza, ya sauke nauyin da ke kansa gwargwado. Da ɗan'uwanmu ya san haka, da bai kwana da wannan damuwa ba. Ba za mu ruɗe ku mu ce ba za a tambayi takardu ba, ana iya tambaya. Shi ya sa idan ku uku ne ko huɗu a mota, mai cikakkun takardu shi ya kamata ya tsaya a matsayin shaida. Maganin abin na gaskiya kuwa shi ne a daina tafiya da mataccen kati.

Wani malaminmu da ke wurin ya ƙara mana da abin da ya fi dokar Nasara nauyi. Ya ce a cikin Muhtasar na Shehu Halilu, kuma a babin yanka, wanda ya fi kowane babi shafarmu, an yi bayanin cewa mai wucewa da ya tarar da dabbar da mafarauci ya harba, yana da halin yanka ta ya ƙi har ta zama mushe, sai ya biya. Nan take kuma aka kwatanta shi da wanda ya ga rai ko dukiyar wani za ta halaka, yana da ikon ceto ya ƙi. Ba a kuwa ce sai in Musulmi ne ko ɗan garinku ba.

Yanzu sai hanyar kanta. Daga gadar Eboro a kan kogin Ntem, a bi ta Bitam, Oyem, Mitzic, Lalara, Ndjolé, Bifoun, Kango da Ntoum har Libreville, tafiyar kusan kilomita 600 ce, yawancinta cikin kurmi, ga kwana-kwana, ga ruwan sama, ga manyan motocin gungume waɗanda ba sa tsayawa nan take ko da direba ya so. Akwai wuraren da waya ba ta kamawa sam. A irin wannan hanya, wanda ya fara isa wurin hatsari shi ne motar asibiti, ko yana so ko ba ya so. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin rahotonta na 2023 mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kuma Afirka ce ta fi kowa asara idan aka dubi yawan jama'a. Da yawa daga cikinsu jini ne ya ƙare musu, ko numfashi ya toshe, kafin a kai su ko'ina.

Abin farko ba mai raunin ba ne, hanyar ce. A wuce wurin kaɗan a faka a gefe, a kunna fitilun gargaɗi, a tura yaron mota baya da nisa ya ajiye alamar nan mai kusurwa uku, ko ya zuba ganye a kan kwalta kamar yadda kowa ke yi a nan, musamman kafin kwana. Sau nawa muka ji mota ta biyu ta afka wa masu taimako? A kashe injin motar da ta faɗi, kada kowa ya kunna sigari ko ashana. Sa'an nan a kira: 18 ta 'yan kwana-kwana ce, 1300 ta motar asibiti. A faɗi wurin da lambar kilomita, watau PK, tunda da ita mutanen Libreville ke gane wuri, a faɗi mutum nawa ne, da ko akwai wanda mota ta danne. Wanda bai iya Faransanci ba ya tsayar da wani ya miƙa masa wayar.

Inda muka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya shi ne wajen ɗauka. Mu mutane ne da suka saba jan sa da igiya a tayar da shi, sai mu kama mutum hannu da ƙafa mu fizgo shi daga mota. Idan ƙashin wuya ko na baya ya tsage, wannan fizgar ce za ta tsinke lakar, mutumin da zai warke ya shanye har abada. Saboda haka in ba wuta ta kama ba, ko mota na shirin gangarawa, ko yana kwance tsakiyar hanya babu yadda za a tare motoci, a bar shi inda yake. Mutum ɗaya ya durƙusa ya riƙe masa kai da hannu biyu, ya riƙa yi masa magana. Mai babur kada a cire masa hular kwano muddin yana numfashi. Wanda ya suma amma yana numfashi, a juya shi a hankali ya kwanta a gefe, kai da wuya da gangar jiki su juya tare, don kada amai ko jini ya shaƙe shi. Kuma a fara duba wanda ya yi shiru. Mai ihu dai numfashinsa na fita.

Jini kuwa dannewa yake so. A samu rawani, ko zane, ko riga mai tsabta, a ninke a danna kan ciwon da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙe. In ya jiƙe a ƙara wani a sama. Idan hannu ne ko ƙafa jini na tsartuwa ya ƙi tsayawa, a ɗaure sama da ciwon da ƙyalle mai faɗi, a sa sanda a murɗa har ya tsaya, a rubuta lokacin da aka ɗaure, kada kuma a kwance sai a asibiti. Igiyar shanu siririya ba ta wannan aiki, yanka nama take yi. A sa leda a hannu kafin a taɓa jinin kowa. Ƙasa, da baƙin mai, da toka, da ruwan batir, duk mun ga ana zubawa, duk kuma cuta suke ƙarawa. Ruwan sha ma, duk yadda ya roƙa, a jiƙa masa leɓe kurum, domin wataƙila tiyata ke jiransa. Wannan yana da wuya ga Bahaushe, mun sani, hana mai ƙishi ruwa, amma haka likitoci suka ce.

Idan babu waya, babu alamar wani agaji, dole a ɗauka, to a nemi katako ko murfin bodi a shimfiɗa shi a kai a miƙe, mutum huɗu su ɗaga tare da mai riƙe kai. Kada a naɗe shi a kujerar tasi. Akwai asibitoci a Oyem da Lambaréné, a kusa da birni kuma ga asibitin sojoji a PK9, da babban asibitin koyarwa na Libreville, da na Owendo.

Akwai maganar da sai mu kanmu za mu faɗa wa kanmu. Idan tirelar shanu ce ta faɗi, abin da ke fara fitowa daga aljihu wuƙa ce. Kowa na gudun kada sa na jaka ɗari biyar ya zama mushe, ana ta "yanka wannan, yanka wancan", alhali yaran da ke zaune a kan bodi suna ƙarƙashin ƙarfe ko cikin ciyawa ba wanda ya ƙirga su. A fara ƙirga mutane. Su nawa suka hau a Ambam ko Kyé-Ossi, su nawa ake gani yanzu? In an gama da su, sai a raba aiki, wasu su yanka, wasu su kore shanun da suka kuɓuta daga kwalta, domin sa mai rauni yakan soke wanda ya saba ba shi dusa, kuma baƙar saniya a kan hanya da dare wani hatsarin ne.

Da dare a wurin da ba kowa, in zuciya ba ta kwanta ba, ba a ce ku sauka ba. Waɗanda suka bi hanyoyin arewacin Kamaru zamanin zargina sun san ana kwantar da mutum a hanya don tarko. A rage gudu, a duba, a riƙe lambar kilomita, a sanar a shinge ko ƙauye na farko.

Jandarma in sun zo, a faɗi abin da ido ya gani kawai, ban da abin da aka ji ko aka zata. A nuna musu motarku su ga babu alamar karo a jikinta, in da hali a ɗauki hotonta da na wurin tun kafin su iso. A rubuta lambar motar da ta yi hatsarin da sunan kamfanin inshorarta, domin a ƙarƙashin dokar CIMA, wadda ofishinta ma a nan Libreville yake, da su ne iyalan mai rauni za su nemi diyya, mota mai lambar Kamaru ko Cadi kuma a duba katinta na inshorar CEMAC. In kuwa motarku ce ta buge, jama'a suka taso da fushi, direba ya nufi barikin jandarma mafi kusa ya miƙa kansa, kada ya nufi iyaka, kuma nan take a sanar da fatoma da shugabannin ƙungiya.