Sito Cike Ba Ya Biyan Bashin Banki

Tun da Naira ta faɗi a 2023 wata magana ta kama bakin masu harkar magani, daga 'yan sari na Kano har kamfanonin Legas: wai "kaya ai kuɗi ne", a ciwo bashi a cika sito kafin dala ta ƙara tashi. Na gaji da jin ta.

Abin da ya kamata a duba shi ne juyin kadara, lissafi ne mai sauƙi: cinikin shekara a raba da jimillar kadarar kamfani. Mai kadarar Naira biliyan 10 da ya yi cinikin biliyan 5, rabin juyi dukiyarsa ta yi.

Jama'a, magani ba hatsi ba ne da za a ɓoye sai bazara! Kowane kwali da ranar lalacewarsa, galibi shekara 2 zuwa 3, kuma tun daga masana'anta kwanakin ke tafiya. Yawancin sinadaran daga Indiya da Sin ake sayo su da dala, su yi makonni a teku, su kwana a tashar Apapa, kafin a sarrafa, a sayar. Duk tsawon nan ruwan bashi bai yi barci ba. A Nuwamban 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuwa suna ɗorawa. Ranar biya manajan banki ba zai karɓi katon ɗin farasitamol ba.

Ko alƙaluman juyin ma suna yaudara. Kayan da aka ba asibiti bashi an rubuta su ciniki, alhali ko kwabo bai shigo ba. A takarda riba, a aljihu babu na albashi.

Ƙarancin dala ma da nasa laifin. Ana danganta ficewar kamfanin magani na GSK daga Najeriya a 2023 da shi.

To, a ƙirga kaya duk wata, ba sai ƙarshen shekara ba. Wanda ranarsa ta fi kusa a fara fitar da shi, ko da ragi ne. Kowane mai karɓar bashi a yanka masa iyaka da wa'adi, in bai biya na baya ba kada a ƙara masa, ko ɗan uwa ne. Kada a sayi inji ko a gina sito da bashin wata shida. Abin da zai yi shekaru kafin ya dawo da kuɗinsa, bashi mai dogon zango ake nema masa. Kafin a sa hannu a takardar banki, akanta ya jera kwanakin da kaya ke yi a sito da waɗanda masu karɓar kaya bashi ke ɗauka kafin su biya, a gwada su da ranar biya.