Sabbin hedojin Linux: shin sai an sake gina glibc?

Masu amfani da Gentoo, wani nau'in Linux, waɗanda ke gina kowace manhaja da kansu, sun san wannan fargabar. An sabunta ƙunshin linux-headers, sai mutum ya tsaya yana tunanin ko dole ya sake gina glibc, laburaren da kusan kowace manhajar kwamfutarsa ke jingina da shi.

Ba dole ba ne. Hedoji fayiloli ne da ke bayyana yadda ake magana da kanel, wato zuciyar tsarin, kuma a lokacin gini kaɗai ake duba su. Kamar zanen gida ne a hannun magini: in an gama ɗora rufi, sauya takardar ba ya motsa bango. Ga kuma Linus Torvalds, wanda ya fara Linux a Finland a 1991, ya kafe kan cewa sabon kanel ba zai karya manhajar da ke aiki jiya ba. Saboda haka tsohon glibc na tafiya lafiya a kan sabon kanel.

To, ko sake ginin na kawo sabon abu? Da wuya. Wani kiran kanel mai suna getrandom ya shiga Linux 3.17 a 2014, amma sai a 2017 glibc 2.25 ya ba shi ƙofa. Duk wanda ya sake gina tsohon glibc a tsakanin nan, wutar lantarki kawai ya ƙona. Haka statx: ya zo da Linux 4.11, ya jira glibc 2.28 a 2018.

Inda ake cin karo shi ne wajen gina wasu manhajoji. A 2019 hedojin Linux 5.2 suka sauya wa ma'anar wani suna, SIOCGSTAMP, wuri, ginin manhajar QEMU ya tsaya cak har sai da aka gyara rubutunsa. Wanda ke da QEMU ginanne kuwa bai ji komai ba.

Akwai masu taka-tsantsan. Littafin Linux From Scratch ya ce a bar hedojin da aka gina glibc da su a /usr/include, kada a musanya su. Shawarar ta dace da mai haɗa tsarinsa da hannu. Mai Debian ko Fedora kuwa, masu rarrabawa sun ɗauke masa wannan nauyin. Mai Gentoo ya jira fitowar sabon glibc, a lokacin ne sabbin hedojin za su shiga ginin.